Shuɗiyar Jakar Balkisa

Ƙanena Zahiru ya daina shiga kwalekwale tun ranar da gulbi ya ci abokinsa Latifu. Daga Gaya, can ƙetaren gulbi, suka taso su biyu, cikin jirgin da aka labta wa buhuna da babura da mutane har ruwa na lasar bakinsa. A tsakiya ya kife. Zahiru an tsamo shi da rai, Latifu kuwa sai can wajen Garu masunta suka gan shi. Daga ranar ko alwala Zahiru ba ya yi a bakin gulbi. Kabu-kabu yake yi a cikin garinmu Malanbil, amma in fasinja ya ce a kai shi mashiga, tun daga wajen masu kifi zai taka birki ya ce masa ya ƙarasa da ƙafa.

Da a ce gada na buɗe, da ba wanda zai damu da tsoronsa. To an rufe ta, kowa ta ruwa yake ƙetarewa. Ga shi matarsa Safi 'yar Gaya ce, cikinta na fari, kuma da ya tsufa iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki kamar yadda ake yi. Ko rakiya zuwa bakin ruwa bai iya yi mata ba. Mahaifinta bai ji daɗin wannan ba, kuma mutum ne da ba ya ɓoye magana. Ya aiko a gaya mana cewa in an haihu Zahiru bai zo suna da ƙafarsa ba, to Safi da abin da ta haifa suna nan gidansa har ranar da mijinta ya ga dama ya zama namiji.

Ni Habsatu, ni ce yayarsa, kuma Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na karɓo masa rubutu wurin malam ya sha, na sake yin faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya," gobe kuma a koma gidan jiya. Tausayinsa nake ji har cikin raina, amma in na buɗe baki masifa ce ke fitowa.

Wadda ta san abin yi ita ce Balkisa, 'yar kawunmu, tela ce a bayan kasuwar albasa. Taubashiyarmu ce, saboda haka tana da izinin gaya wa Zahiru duk abin da ta ga dama, shi kuma ba shi da damar fushi. A birnin Faraku ta koyo ɗinki, kuma a can ta koyo wani wasa wurin 'yan jami'ar da suke haya gida ɗaya. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki wani mutum na ƙage ya zama shi, maharbi ko maƙeri ko mai magani. In labari ya kai su gaban dodo, kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwayar ludo, ita za ta nuna ko ya dace ko ya sha kashi. Ranar da na fara ganin manyan mutane sun kewaye teburin yankanta bayan la'asar suna ihu a kan ƙwayar ludo, na tsaya a ƙofa na riƙe ƙugu.

"Balkisa, wanga mi na? Caca ta ko bori?"

"Yaya, ba a aza ko dala, kuma ba a kiran kowa," ta ce tana dariya. "Tatsuniya ta, sai dai kowa shina da baki ciki."

Dodannin da ke cikin littattafan 'yan jami'ar ba su yi mata ba. Ta ce duk na ƙasar ƙanƙara ne da gidajen dutse, ba wanda zai ba ɗan Malanbil tsoro. Sai ta shiga tara nata, kuma yadda take tara su ne ya fara burge ni tun kafin in yarda in faɗa. Duk wanda ya kawo ɗinki, tsohuwa ce daga Garu ko makiyayi daga Gene ko direban babbar mota, tana auna shi tana tambayarsa abin da aka tsorata shi da shi yana yaro. In ya faɗa, sai ta bi shi da tambaya uku da ba ta canza su: ina abin yake zama, me yake so, me ke kayar da shi. In amsa ɗaya ta ɓace, dodon bai cika ba, sai ta ajiye shi har wani ya zo da ragowar. Waɗanda har yanzu akwai masu yi musu yanka kuwa ba ta taɓa su. Ta ce waɗannan suna da masu su, ba kayan wasa ba ne.

Ba a takarda take rubuta su ba. Da ragowar ƙyalle take yanka siffar kowane, ta dinke bakinsa, ta jefa shi a jakar wurin zamansa. Rawayar jaka ta kasuwa ce, koriya ta fadama, ja ta daji, baƙa ta babbar hanya, shuɗiya ta gulbi. Wuyar dodo kuma da maɓalli take nuna ta. Mai maɓalli ɗaya ko sabon shiga zai iya da shi, kamar ɗan ƙaramin nan da ke kwana a tsakiyar buhun albasa yana ruɓar da ita daga ciki. A fadama akwai Tsohuwar Shinkafa mai tsuntsaye a gashinta, maɓalli biyu. A daji akwai kura mai carbi wadda ke yi maka sallama kafin ta cinye ka, uku. A hanyar Gene akwai tirelar da ke tafiya ba direba, huɗu. Biyar shi ne ƙarshe, kuma dokarta ce mai biyar ba a tarar sa mutum ɗaya, sai duk 'yan teburi sun taru.

Kuma ba da ka take liƙa maɓallan nan ba. Na sha iske ta da rana tsaka, keke a tsaye, ɗinkin mutane a gefe, tana jefa ƙwayar ludo ita kaɗai tana gwada sabon dodo, ta ga sau nawa zai ci mutum sau nawa za a ci shi. In 'yan wasa suka kayar da mai huɗu cikin sauƙi, ba ta jin kunyar ɗaukar reza ta cire masa maɓalli ɗaya a gabansu. Ta ce dodon da ya fi ƙarfin mutane yana kore su, wanda bai kai ba kuma yana sa su hamma, aikinta shi ne ta nemo wanda zai sa gumi ya fito amma a tashi da rai. Na ce mata da irin wannan kula take ba ɗinkina da tuni na daina yi mata gori.

Wata rana Zahiru ya sauke fasinja kusa da shagon, ta leƙo ta kira shi.

"Bawana, taho nan. Muna neman maƙeri."

"Ni ba yaro ba na," ya ce.

"Awo, na gani. Hal ƙyalle kaka tsoro?"

"Ke dai tela, bakinki ya hi almakashinki kaihi."

Ya faɗi haka, amma ya kafe babur ya shiga. A teburin akwai Manzo, mutumin Dosso da ke dakon kaya tsakanin gaɓa biyu, shi ne maharbi. Akwai Sa'adiya mai aiki a ɗakin shan magani na unguwarmu, ita ce mai magani, don ta ce ko a tatsuniya ba za ta sake sana'a ba. Ni kuwa sai na tsiri kawo shinkafata ina tsinta a bakin ƙofar shagon, wai don inuwar can ta fi.

Daga rawayar jaka Balkisa ta fara da shi. Ya kayar da ɗan cikin buhu, ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Bayan 'yan makonni labari ya fitar da su kasuwa ya kai su daji, daga daji ya gangaro da su fadama. A nan na lura da abin da take yi. Kowane zama sai ƙasar labarin ta ƙara laushi, yau taɓo ya kai idon sawu, wani zaman an ji kukan kwaɗi, wani zaman an hango masu wanki. Gulbi take kai shi, taki ɗaya bayan ɗaya, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci Safi ko Gaya ba. Na same ta ita kaɗai na ce ta yi sauri, ciki ba ya jira. Ta ce in ta tsallake jaka ɗaya zai gane, in ya gane kuma ba zai dawo ba.

Shi ma ba wawa ba ne. Ranar da labari ya kai su gaɓa, ta kai hannu ga ƙusar da shuɗiyar jaka ke rataye, sai ya miƙe ya ce yana da fasinja. Ta bar jakar a inda take, ta ce maƙeri ya tafi neman gawayi, aka ci gaba da wasa.

Kafin a sake zama, waya ta zo daga Gaya da safe. Safi ta sauka lafiya, mace aka samu, kuma haihuwar ta riga lokacin da ake zato. Gida ya cika da guɗa, uban jaririya kuwa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana biyu bai hau babur ba. Na tsaya a ƙofar na ce duk abin da ya zo bakina, har wanda bai kamata ba. Da na gaji na tafi wurin Balkisa ina huci. Ta saurare ni, ta naɗe atamfar da take yanka, ta tafi gidan da kanta. Ban san me ta ce masa ta bayan ƙofa ba, na dai ji kalmar "bawana" da "raggo" sun fi a ƙirga. Bayan la'asar sai ga shi a shago, idanu sun yi ja.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta sauko da shuɗiyar jaka ta aje a tsakiyar teburi ta kwance bakinta.

"Yau gulbi za mu shiga. Maƙeri, sa hannu."

Ya daɗe yana kallon jakar. Sannan ya zura hannu ya jawo abin da ya fi nauyi, wata dorina ce da aka yanka da baƙin yadi, an yi mata haƙora da zaren azurfa, maɓalli biyar a bayanta. Balkisa ta fi wata tana gyara ta, ita ce abin alfaharinta. Zahiru ya juya ta, ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Wagga ta mahi wuya gare ki? Dorina ana hangen ta daga nesa a kauce. Babban abin gulbi babu shi cikin jakarki."

Na zaci za ta mayar masa da baƙar magana, don ba ta barin bashin baki ya kwana. Sai ta karɓi dorinar ta aje gefe.

"To na yi kuskure," ta ce. "Ni ban taɓa nutsewa ba. Hwaɗa min shi, in ɗunka."

Ta jawo shuɗin ƙyalle da almakashi ta zauna tana jira, kamar yadda take jiran tsofaffin Garu.

"Hannu na," ya ce. "Hannu ɗai, babu jiki."

Ta fara yanka.

"Mi shika so?"

"Ƙahwarka. Shi kama ka nan ga idon sau, shi ja ka ƙasa," ya ce. "Kuma ka san hannun. Kun ci tuwo kwano guda da shi tun kuna yara."

Tiren shinkafa ya kusa suɓuce mini. Manzo ya cire hularsa ya riƙe. Balkisa ba ta ɗago ba, tana fitar da yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ka kada shi?"

Ya tsura wa yatsun da take yankawa ido.

"Shuri," ya ce. "Ka shure shi da ɗayar ƙahwa. Ka shura, ka ƙara shura, hal shi saki."

Ya kifa kai a kan teburi ya fashe da kuka. Ashe Latifu ne ya kama ƙafarsa ranar da jirgi ya kife. Ba wanda ya san wannan a cikinmu, ni da na goya shi ma ban sani ba. Na yunƙura zan shiga in ce ƙaddara ce, in ce kowa ma haka zai yi, sai Balkisa ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Na koma na zauna, kuma ban taɓa zama don wani ya ɗaga mini hannu ba sai ranar. Ta bar shi ya yi kukansa ya ƙare.

"Kac ce shuri ka kada shi," ta ce a hankali. "Da shuri na kada shi, da ba shi biye da kai hal yau. Wanga gurbi ban cika shi ba tukuna. Saura tambaya guda. Ina shika zama?"

"Ko'ina."

"A'a. Ba ni da jakar ko'ina."

"Balkisa, shina ɗakina. Shina bisa babur. Ko salla nika yi shina nan."

"Can ziyara shika kai maka. Ni gidanai nika tambaya."

Ya ɗago ya dube ta kamar zai mare ta. Ita kuwa ta tsare shi da ido, ƙyallen a hannunta. A ƙarshe ya ce ƙasa da gada ne, inda ruwa ke juyawa kafin ɗan tsibirin nan. Manzo ya ce jirage sun daina bin wurin tun bara, yanzu ta can sama da gada ake ƙetarewa.

Ta turo gwangwanin maɓalli ta tambaye shi nawa. Ya ture mata gwangwanin gaba ɗaya. Ta ce biyar ne iyaka, ko shi bai isa ya karya mata doka ba. Ta zare allura ta ɗinka ɗaya a kan kowane yatsa, ta ciji zaren, ta jefa hannun cikin shuɗiyar jaka ta ɗaure.

"Mai biyat na," ta ce. "Kun san doka. Ran suna teburin ga duka za mu tahi."

"Ni ba 'yar teburi ba ta," na ce daga ƙofa.

"Yaya, shinkahwar da kika tsinta nan ta isa ciyad da Malanbil. Kina ciki."

Ranar ba a jefa ƙwayar ludo ko sau ɗaya ba.

Ran suna da sassafe muka gangara mashiga. Rago tun jiya Manzo ya ƙetare da shi. Zahiru ya tsaya wajen masu kifi inda ya saba taka birki, muka tsaya tare da shi har ya ɗaga ƙafa da kansa. Manzo ya nemo jirgin wani abokinsa da ba ya cika kaya. Suka zauna yadda suke zama a shago, Manzo a daman Zahiru, Sa'adiya a hagu, ni a baya da kwanon kayan barka. Balkisa ta zauna a gabansa tana fuskantarsa, ta ba gulbi baya. Ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa ya runtse ido.

Da injin ya tashi ta shiga tsokanarsa. Ta ce Allah ya sa jaririyar ba ta ɗauko kansa ba, in ba haka ba ita ba ta da yadin da zai isa hula. Bakinta na zuba, amma ni da ke baya ina ganin hannunta, ta damƙe katakon da take zaune har jijiyoyi sun fito. Ashe ita ma ba son ruwa take ba, ba ta dai taɓa faɗa ba. A wannan lokacin na ji ƙaunar yarinyar nan ta cika mini ciki.

Muna kaiwa tsakiya jirgi ya ɗan yi tangaɗi, Zahiru ya ce, "Ku maida ni." Gumi na zuba daga haɓarsa. Manzo ya dafa kafaɗarsa. Balkisa ta daina wasa.

"Zahiru," ta ce, kuma ban tuna ranar da ta kira shi da sunansa ba kafin nan. "Ban taɓa ganin wurin ba. Nuna min gidanai."

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya duba ƙasa da gada, ya nema, ya ɗaga hannu ya nuna. Duk muka juya. Can nesa ne, ɗan wuri kaɗan a cikin faɗin ruwan, wani masunci ma na tsaye a jirginsa kusa da shi yana jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi. Zahiru ya ci gaba da kallon wurin har muka bar shi a baya. Bai sake rufe ido ba, bai kuma sake cewa a mayar da shi ba.

A ƙofar gidan surukansa maza sun cika tabarmi. Mahaifin Safi ya gan shi, ya dube shi tun daga hula har takalmin da ya jiƙe, sannan ya matsa ya ba shi wuri. Aka raɗa wa yarinya suna Nafisa, aka yi addu'a, aka raba goro.

'Yar fari ce, don haka kunya ta hana uban ya tambaye ta ko ya nuna ɗokinta a gaban surukai. Mutumin da ya ƙetare gulbi dominta ya zauna yana kallon tabarma kamar sunan 'yar maƙwabta ya zo. Ni kuwa gwaggo ce, ba ruwana da kunyar nan. Da mutane suka ragu na shiga na karɓo ta daga hannun Safi, na fito da ita cikin zane wai zan nuna wa Manzo, na bi ta gaban Zahiru ina tafiya a hankali. Ya ɗan kai hannu kamar mai gyara bakin zanen. Sai ɗan hannunta ya fito ya kama yatsansa ya damƙe.

Na ga jikinsa ya sandare. Yarinyar ta ƙara damƙewa, da irin ƙarfin nan na jarirai, shi kuma bai janye ba.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "dakata kaɗan."

Na durƙusa a gabansa na dakata.